Ƙofar da Ban Ƙwanƙwasa Ba Ranar Juma'a

A shekarun da abin ya yi tsanani a Maiduguri, ni saurayi ne da ya gama jami'a da bautar ƙasa, ina zaune gidan mahaifina a Mafoni ina jiran aiki. Tarihi na karanta. Ina da yawan taka-tsantsan, har mahaifiyata, wadda muke kira Ya, takan ce kafin in sha ruwa sai na nemi izinin kofin. Ban rubuto don a tausaya mini ba. Wataƙila dai cikin masu karatu akwai mai irin halina.

A ɓangaren gidanmu na waje akwai ɗaki biyu da mahaifina ya ba wani malamin lissafi haya, ɗan ƙabilar Ibo, shi da matarsa. Da farko kowa ya ɗauka Kirista ne, sai aka lura ranar Lahadi wanki yake yi. Ashe addinin Yahudanci yake bi. Ya ce mutanensu sun yi imani daga Bani Isra'ila suka fito. Ko haka ne ko ba haka ba, ban isa in yanke ba, abin da na gani kawai zan faɗa. Unguwa ta sa masa suna Baba Asabar. Da wasu suka fara ƙananan maganganu, mahaifina ya ce musu a ƙofar masallaci mutumin ma'abocin littafi ne, kuma maƙwabcinsa ne, wanda ya taɓa shi ya taɓa gidan.

Kowace Juma'a kafin rana ta faɗi, matarsa takan kunna kyandir biyu a bakin taga, ta rufe idanunta da tafukan hannu ta yi addu'a. Sai su zauna gaban burodi biyu da aka lulluɓe da farin ƙyalle, suna rera wani abu a hankali cikin Ibrananci. Daga nan har taurari su fito ranar Asabar ba sa hura wuta, ba sa rubutu, ba sa fita da kaya, ba sa hawa mota, ko makunnin lantarki ba sa taɓawa. Abin da ya haɗa mu da shi fanka ce. Idan aka kawo wuta ranar Asabar, a ƙa'idarsu ba zai aike ni kai tsaye ba, sai in ji ya ɗaga murya ta katanga yana cewa kai, Malam Ƙarami, yau ɗakin nan da zafi yake, ko da yake shi fa bai ce a yi komai ba. Ni kuma in shiga kamar gaisuwa ta kawo ni, in kunna. Mahaifiyata Ya takan yi dariya ta ce duk Borno ba ta ga mai wayo irin Baba Asabar ba, yana aike ba tare da ya aika ba.

Sun daɗe ba haihuwa, sai ga ciki a lokacin da gari ya fi rikicewa. Ya kuwa ta riƙa tsokanar matar da cewa ta bi sahun matar Annabi Ibrahim, tana aika mata burabusko da miyar kuka. Shi kuma ya ce idan namiji ne rana ta takwas za a yi masa kaciya, kamar yadda aka yi tun zamanin kakanninsu. Ya ta ce to ita ba ta san takwas ba, ranar bakwai za ta yi masa suna irin namu, gobensa su yi nasu, unguwa ta ci tuwo sau biyu.

Da harbe-harbe suka yi yawa, aka yanke layin waya, aka sa dokar hana fita daga magariba, baƙi suka fara barin gari. Baba Asabar ya yi ta zarya tasha yana neman kujerar gaba saboda cikin matarsa ya tsufa, bai samu ba. Ya roƙe ni in yi wa kawuna magana, wanda ke jan bas zuwa Jos. Wata Juma'a da la'asar kawun ya biyo a gurguje, ya ce wasu fasinjoji sun fasa, kujeru biyu na gaba na nan, in gaya wa mutumina su zo tasha gobe da zarar an buɗe hanya. Ya wuce don kada doka ta kama shi.

Gobe Asabar. Na zauna a dakali ina juya maganar har rana ta yi ja. Da na isa ƙofarsu kyandir na ci, muryoyinsu na fitowa a hankali. Na ɗaga hannu, na sauke. Na ce a raina mutumin da bai taɓa makunni ba a duk shekarun nan, ta yaya zan ce ya ɗaure kaya ya hau mota? In na faɗa, ko ya ƙi ya zauna da fargaba, ko ya yarda ya tafi yana ganin ya saɓa wa Ubangijinsa, kuma ni ne sila. Na ga kamar girmamawa ce in ɗauke masa wannan nauyi. Na ce ai kawu zai dawo cikin mako. Ko Ya ban gaya wa ba, don na san abin da za ta ce.

Ranar Asabar da hantsi aka buɗe wuta a bakin layinmu. Ban san su wane ne ba, har yau. Matar tana zaune ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida tana shan iska, ta tashi da gudu, ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa ta faɗi a kan cikin. Abin da na gani bayan nan shi ne ba ya barina. Baba Asabar ya sungume ta ya fita titi ba takalmi, harbi bai gama lafawa ba, ya tare wani mai keke mai ƙafa uku. Da mai keken ya tsorata ya sauka, shi da kansa ya tayar da injin. Ni da Ya muka bi su asibiti. Matar ta rayu. Yaron, namiji ne, bai zo da rai ba.

A barandar asibitin na yi masa wata tambaya ta wauta, na ce ko akwai kaffarar da zai yi tunda ya tuƙa keke ranar Asabar. Ya dube ni kamar bai gane ba. Ya ce a wurinsu idan rai na cikin haɗari Asabar matsawa take yi gefe, kuma wanda ya tsaya yana tambaya a irin wannan lokaci shi ne mai laifi. An ba su dokar ne don su rayu da ita. Sai na gaya masa maganar kujerun. Ina jin ban taɓa yin magana mai nauyin wannan ba. Ya ce Malam Ƙarami, ai ƙofar langa-langa ce, ko da yatsa ɗaya na taɓa zai ji. Bai ƙara ba, bai kuma taɓa gaya wa matarsa a gabana ba.

Da ta samu ƙarfi suka tafi, a motar kawun, a kujerun gaba. Ya kuwa ta ba matar turaren wuta da lafaya, suka rungume juna suna kuka. Shi ya riƙe hannuna ya yi mini addu'a da harshen da ban sani ba. Da aka maido da waya na yi ta kiran lambarsa, ba ta shiga. Ban san ko Allah ya sake ba su haihuwa ba.

Na san rai da ajali na Allah ne, kuma mai yiwuwa ko sun hau motar wani abin ya same su a hanya. Ina gaya wa kaina haka, wani lokacin yana taimakawa. Amma abin da na koya shi ne, ganin mutum yana ibadarsa ta katanga bai sa ka san addininsa ba. Jama'a, in an ba ku saƙon wani ku kai masa, ku bar shi ya yanke wa kansa. Kada ku ɓoye masa don kuna ganin kun san abin da imaninsa zai ce.

Gari ya lafa yanzu, na samu aikin koyarwa, ɗakunan nan biyu ni ke ciki. Narkakken kyandir da ya daskare a bakin tagar na hana a kankare. Ranar Asabar in aka kawo wuta nakan tsaya da hannuna kusa da makunnin fanka, in ɗan jira, ko zan ji an ce ɗakin nan da zafi yake.