Dakalin Ƙofar Gidanmu

Komai zan manta a duniya, ban da abin da ya faru a ƙofar gidanmu a Rano shekarar kullen korona, lokacin da aka rufe kasuwanni har Juma'a ta gagara. Da damina ta matso, ƙaramar hukuma ta ce a bi unguwanni a cire duk ginin da ya hau magudanar ruwa.

A bakin zaurenmu akwai dakalin da mahaifinmu ya gina, Allah Ya jiƙansa. A kansa muka yi karatun allo, a kansa na koyi riƙe alƙalami. Da ya rasu yayana ya gaji makarantarsa ta allo, kuma da yara suka yi yawa sai ya faɗaɗa dakalin ya hau kan kwata, ya bar wa ruwa 'yar kafa a ƙasa.

Duba-garin da aka turo mana ɗan maƙwabciyarmu ne, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, kuma a hannun Yaya ya yi sauka. Ya zo da la'asar, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ajiye goro.

"Allah gafarta Malam, an ce bana ruwa zai yi yawa."

"To, Allah Ya sa mai albarka ne."

"Amin. Sai dai shi ruwa yana son hanya."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Wanda Ya saukar da shi zai ba shi hanya. Ko ku 'yan gwamnati har ruwan sama kuna tsara wa tafiya?"

Duk muka yi dariya, shi ma ya yi, ya tashi ya tafi. Kunya ta hana shi duban malaminsa ya ce a rushe. Shi a wurinsa ya isar da saƙo, mu kuwa gaisuwa muka ɗauka.

Ba a jima ba sai ga ma'aikata sun shafa wa dakalin jan fenti. Yaya ya ce don me ba a sanar da shi ba, suka ce ai ɗalibinsa da kansa ya zo. Washegari da duba-garin ya biyo ya yi sallama, Yaya ya kau da kai a gaban yara.

Na ce, "Yaya, amsa sallama fa wajibi ce."

"Yau kai za ka ba ni karatu?"

Ya ja mai unguwa har sakatariya, yana cewa dakalin ya girmi kwatar. Tsohon dai ya girme ta, ƙarin kuwa jiya-jiya ne. Ana cikin wannan kai-komo, wata azahar sama ta ɓalle. Shara ta toshe kafar, ruwa ya juya ya faɗa gidan dattijuwar nan ya kayar mata da ɗaki. Allah Ya kiyaye ta tafi gidan suna, amma hatsinta da shimfiɗarta duk suka bi laka.

Yaya ya je ya ga ɓarnar. Ya ɗauki diga ya farfasa dakalin gaba ɗaya, har da na mahaifinmu wanda ba wanda ya ce a taɓa. Muka kwaɓa ƙasa muka tayar mata da ɗaki. Amma ɗanta, har aka mayar da shi aiki wajen Kibiya magana ba ta haɗa shi da Yaya ba. In ya zo ganin mahaifiyarsa sai ya zagaya ta bayan gida. Shekaru suka tafi a haka, kuma har yau ina jin zafinsu.

Bara, da ciwo ya kwantar da Yaya, duba-garin ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama a hankali. Yaya ya amsa, ya ɗan numfasa, ya sake amsawa.

"Ta farkon ta yau ce. Ta biyun taka ce da na riƙe, karɓi abarka."

Ya durƙusa yana hawaye. "Malam, ni ne ban fito na faɗa ba."

"Ka faɗa, ɗan nan. Na ji, ƙin ganewa na yi."

Kafin kaka Yaya ya rasu, kuma ɗalibin nan nasa ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Tun daga nan na gane kunyar da ke hana gargaɗi fitowa fili ba ladabi ba ce. Sallama kuma haƙƙin mai ita ce, a ba shi a take, don ba kowa Allah ke ara wa lokacin mayarwa ba.