Kawu Kashe-Inji

Kowa a nan ya san Kawu Mamman, yayan mahaifiyata, bai gaisawa da mutum sai ya fara shaƙar iska. Zai ɗaga hanci sama kamar mai jin ƙanshin tuwo, in ya ji warin fetur sai ka ji tsawa: "Kashe!" Shi ya sa sunanai na yanka ya ɓace, ya koma Kashe-Inji.

Kun tuna yadda bakin gulbi yake ran kasuwa kafin a ba shi riƙon mashigi. Jirage daga Kaoje, jirage daga Benin, duk su cunkushe wuri guda, kowa injinai na kuka don kar a riga shi samun wurin sauke kaya. Hayaƙi ya rufe masu soya kifi, yara na ta tari. Kawu ya ce an gama. Kowane jirgi ya ɗaure can gindin tsamiya, ya kashe inji, ya jira. In wuri ya samu, sai ya ɗaga jar hulatai bisa gora, wanda ya riga zuwa ya taso.

Wani matuƙi Badende, daga can wajen Benin, ya yi gardama. "Baba, nawa in na kashe, ba ya tashi!"

"To wanga ai ba inji ba ne, majinyaci ne. Kai shi asibiti, ka dawo ka bi layi."

Da shari'ar Musulunci ta zo, ana ta murna, sai ga Kawu ya sa babbar riga ya nufi kotu. Alƙali ya ce, "Malam Mamman, wa kake ƙara?"

"Hayaƙi, Allah shi gafarta Malam."

"Hayaƙin wa?"

"Na kowa. Kun hana giya don tana juya kai. Ka zo ka zauna bakin gulbi da hantsi, in naka bai juya ba, in biya tara!"

Wallahi sai da alƙali ya ɓoye fuska cikin rawani. Amma ya kira masu jirage ya yi musu nasiha, cewa cutar da maƙwabci ba halal ba ce. Daga baya su da kansu suka lura mai na daɗe musu. Ba wanda ya gode mai, shi ma bai nema ba.

Ranar da ciwo ya kwantar da shi, muka ɗauko shi a jirgi za mu asibitin Bagudo. Da muka iso wurin sauka, muka tarar da jirgin shinkafa gabanmu zai sauke kaya. Matuƙin ya hango shi, ya ce, "Subhanallahi, ku wuce da Baba!"

Kawu ya buɗe ido da ƙyar. "Wa ya riga zuwa?"

Na ce, "Kawu, ba ka da lafiya fa."

"Na tambaye ka, likita? Wa ya riga?"

Haka muka jira. Ban taɓa ganin an sauke buhuna da sauri irin na ran nan ba. Matuƙin na ɗauka yana share hawaye, Kawu na yi mai faɗa wai ya bi a hankali kar ya zubar wa mutane shinkafa.

Daga asibitin nan bai dawo ba.

Allah ka jiƙan Kawu Mamman, ka yafe mai zafin bakinai. Ka yalwata kabarinai, ka sanyaya mai makwanci, ka sada mu da shi cikin rahamarka. Amin.