Fassouma Mai Fara a Glenwood

A kasuwar Damagaram kowa ya san Fassouma mai fara. Tun tana budurwa take suyarta da yaji da gishiri, da wannan sana'a kuma ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Da tsufa ya kama ta, ɗanta Tahirou, direban babbar mota, ya ɗauko ta zuwa birnin Greensboro, can ƙetaren teku, ya sauke ta a ɗan gidan da yake haya a unguwar Glenwood.

Ba ta daɗe ba jiki ya ƙi. Ga jiri, ga kasala. Likita ta ce jininta ya yi ƙasa, ta rubuta mata ƙwayoyi, su kuma suka riƙa ɗaure mata ciki.

"Ka samo min fara," ta ce wa Tahirou. "Masu jego ma da ita suke murmurewa a gida."

"Inna, nan ba a cin ƙwari," in ji shi. Jikarta Dalila ta yatsine fuska, ta bar ɗakin.

Wadda ta saurare ta ita ce maƙwabciyarsu Bebi, ɗaliba 'yar Indiya mai nazarin abinci a jami'a. Houda, matar Tahirou, ke yi musu tafinta. Bebi ta ce mutanenta, 'yan ƙabilar Mishing, suna cin tsutsar siliki da ƙwan tururuwa, kuma lalle fara na gina jiki, tana ƙara jini.

"Ashe ba ni kaɗai ba ce," Fassouma ta ce, tana dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

Bebi ta sayo mata garin gyare ta intanet. Fassouma ta ɗanɗana, ta ce kamar dusa, amma ta cinye don kunya. Wani ɗan garinsu ya taho mata da ƙullin fara daga Nijar, jami'an kwastan suka karɓe a filin jirgi. Da bazara ta ga 'yan fara suna tsalle a ciyawar bayan gida, ta sunkuya da zaninta za ta kama. Houda ta fito da sauri.

"Mama, kar ki taɓa, an fesa wa ciyawar magani."

Bebi ta gama karatu ta koma ƙasarsu. Tahirou ya ce baɗi zai kai Inna gida, baɗin ta zo, likita ta hana ta doguwar tafiya. Yanzu Fassouma ta daina tambaya. Ta rame, yawancin yini tana kwance. In Houda ta kawo ƙwayar da ruwa, sai ta haɗiye, ta juya fuskarta bango.