Injin da Isma'ila ya saya a waya

Isma'ila ɗan yayana ne. Ya haura hamsin, kuma tun da ya iya riƙe fartanya albasa yake nomawa a fadamar bayan Wurno, ta hanyar Kwargaba. Gonar ta babanmu ce. Da aka raba gado sai na bar wa uban Isma'ila rabona ya haɗa da nasa, don a lokacin ina aikin asibiti, ba ni da abin yi da ƙasa. Da shi ma ya rasu, ɗan ya ci gaba da noma ta gaba ɗaya.

Yanzu mutane suna cewa wauta ce ta ja masa. Masu faɗin haka ba su san shi ba. Yana yaro ya yi ban ruwa da ƙwarya, ya yi da jigo, ya zo ya sayi injin fetur lokacin da aka fara kawo su. Ya san dillalan Rabah da na Goronyo, ya san wanda ake juya wa baya da wanda ba a juya wa. Bokonsa bai wuce firamare ba, amma yana karanta lamba, yana karanta Hausa idan ba a tsawaita ba. Matarsa Zinariya, 'ya'yansu bakwai. Ba shi da saniya, ba shi da shago. Gonar nan ce cinsu da suturarsu.

Ba da son ransa ya buɗe asusun banki ba. Shekarar da aka canja kuɗi takarda ta ɓace a kasuwa, masu saye suka ce sai dai tiransifa. Ga kuma 'yan bindiga, da suka sa ajiye kuɗi a ɗaka ya zama kiran ajali. Ƙasimu mai POS, wanda ke da rumfa a bakin tasha, shi ya yi masa jagora har kati ya fito. Ranar da ya miƙa masa katin, a gaban mutane ya ja masa kunne.

"Baba Isma'ila, lamba huɗun ga ita ta makulli. Ko ni nit tambaye ka, kar ka faɗa min."

"Ko Zinariya ba ta jin ta," in ji Isma'ila, "balle kai mai kunnuwa kamar faifai."

Ya riƙe gargaɗin nan. Har yau babu wanda ya taɓa jin lambar sirrinsa. Sai dai shi kaɗai aka yi masa, shi kuma ya ɗauka karatun ke nan duka.

Shekarar da abin ya faru albasa ta yi masa kyau. Bai sayar a gona ba. Ya ɗora ta a rudu, rumfar karan da ake ajiye ta iska na ratsa ta, ya yi ta tsince ruɓaɓɓu har damina ta wuce farashi ya tashi. Sannan ya sayar. Bai taɓa riƙe kuɗi irin waɗannan ba, kuma ya san inda za su. Tsohon injinsa ya gaji, yana tari yana shan mai kamar ana zuba wa rami, ga fetur ya yi tsadar da ta kori mutane da yawa daga noman rani. Maƙwabtansa biyu sun sa injin sola, mai aiki da hasken rana, suna zaune a inuwa ruwa na gudu. Ya je Sakkwato ya taya. Farashin da aka faɗa masa zai cinye komai, ba na taki ba na 'yan dashe. Ya dawo.

A cikin makon wani ya turo bidiyo a zauren WhatsApp na manoman albasa. Inji ne yana feshin ruwa cikin fangali, da lambar waya a ƙasa, da farashin da ya gaza na Sakkwato nesa ba kusa ba. Isma'ila ya kira.

Wanda ya ɗauka ya ce sunansa Alhaji Sa'adu, mutumin Goronyo ne amma shagonsa yana Legas. Hausarmu yake yi, ba ta Kano ba. Ya tambayi yadda gulbi ya yi bana, ya ce ya sayar wa mutanen Rara, ya sayar wa na Lahodu. Ya yi gaisuwa mai tsawo kamar ɗan gida. Isma'ila ya gaya mini daga baya cewa abin da ya kwantar masa da hankali shi ne mutumin bai nemi a tura masa kuɗi ba.

"Ban karɓar ko kwabo sai kaya sun sauka tashar Wurno ka duba da idonka," in ji shi. "Amma an sha sa ni ɗora kaya a gudu a bar ni da kuɗin mota. Nuna min kana da hali, shi ke nan. Ɗauko hoton katinka, gaba da baya."

A kasuwanninmu, idan baƙo ya zo tayin babban abu, sa ne ko motar albasa, yakan buɗe bakin aljihu ko jaka ya nuna gefen kuɗi, ya mayar ya rufe. Ba wanda ke taɓawa. Ana yi ne don mai kaya ya san ba da ɗan wasa yake magana ba. Isma'ila da kansa ya sha sa baƙi su yi masa haka. A wurinsa Alhaji Sa'adu bai roƙi abin da ya saɓa wa ciniki ba, kuma ƙin nunawa kamar cewa ne ba ka da shi. Ya shimfiɗa katin a tabarma ya ɗauka, ya tura masa.

Zinariya tana tsintar shinkafa a gefe. Ta ce, "Malam, wanga abu ba shi na kuɗin ba?"

"Nuni ba bayarwa ba na. Makulli na nan cikin kaina."

"To, Allah shi sa."

"Ke dai ki shirya ganin ruwa ba hayaƙi."

Washegari da hantsi mutumin ya kira, ana jin hayaniyar tasha a bayansa, da ƙarar mota, da wani yana kiran fasinja.

"Malam Isma'ila, ga kayanka bisa mota, direba na jira. Yanzu za a turo ma lamba a waya, ita ta alamar kayanka. Karanto min in rubuta ga kwali, kar su ɓace hanya."

Wannan ma ba baƙon abu ba ne. Duk buhun albasar da zai tafi kudu sai an shafa masa alamar mai shi da fenti, a kira mai karɓa a faɗa masa. Kayan da ba alama na kowa ne. Isma'ila ya taɓa asarar buhuna saboda ruwan sama ya wanke fenti, bai manta ba. Saƙo ya shigo da Turanci, ya tsallake rubutun ya nemo lambar ya karanta. Mutumin ya ce kwali uku ne, na inji da na faifan sola da na bututu, kowane da tasa alamar. Lamba ta sake shigowa ya karanta, ta sake ya karanta. Har ya sa mutumin ya maimaita masa don kada a yi kuskure.

Wasu saƙonnin sun biyo baya. Ya ɗauka rasit ne.

Ya yashe rijiyar gonar. Ya sayar wa wani makanike tsohon injin, a farashin ƙarfe, ya biya 'yan ƙwadago suka ja masa fangali. Irin albasar da ya rena ya yi kore shar, ya kusa isa dashe. Kullum da safe sai ya biya tasha ya tambayi direbobin Sakkwato ko an ba su saƙo daga motar Legas. Lambar Alhaji Sa'adu ta fara da ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Ya ce wa Zinariya hanya ce, ba sabis.

Ranar kasuwa ya je wurin Ƙasimu zai ciri na taki. Ƙasimu ya sa kati, ya cire, ya goge shi a riga, ya sake sawa.

"Baba, ba kuɗi ciki."

"Na'urarka ta ba ta da lafiya. Sake."

"Na sake. Wa kab ba lambarka?"

"Ban ba kowa ba. Wallahi ko Zinariya."

Ƙasimu ya karɓi wayar ya yi ta ja da yatsa. Da ya kai ga hoton katin a kan tabarma sai ya ajiye ta ya dafe kai.

"Baba, lambobin da ag ga jikin katin, da ukun nan na baya, su ma kuɗi na. Da su aka sayayya ta intanet, ba a neman huɗun da kaka ɓoyo. Wadda anka turo ma a waya kuwa, banki na ka tambaya ko kai na. Kai kac ce musu kai na."

"Mi ya hana ka faɗa min tun farko?"

"Ban san za ka saye a waya ba, Baba."

Da la'asar ya kawo mini wayar, don ya san ina karanta Turanci, wai ko Ƙasimu bai fahimta daidai ba. Na sa tabarau na duba. A ƙarƙashin kowace lamba an rubuta kada a faɗa wa kowa, ko da ma'aikacin banki ne. Na karanta masa kamar yadda yake, ban rage ba. Gidana da nasa ba nisa, amma namiji a nan ba ya nuna cinikinsa sai kaya sun iso.

Ya je bankin a Sakkwato, ya wuni a layi. Suka toshe katin, suka ce za su bi sawu, suka kuma gaya masa gaskiya cewa kuɗin sun riga sun bi ta hannu da yawa, kuma da lambobin da ya bayar aka fitar da su. Ya koma sau da dama har kuɗin mota suka gagare shi.

Iri ba ya jiran kowa. Lokacin dashe kowa na kan injinsa, mai aron ma sai ka zuba mai. Ya dasa abin da zai iya, shi da manyan 'ya'yansa suna jan ruwa da guga, rana na shanye fangalin farko kafin su kai na ƙarshe. Ba taki. Albasar ta fito ƙanana kamar goro, ba ta isa a kai rudu ba. Sauran irin ya tsufa a wurin reno, ya sayar da shi a wulaƙance.

Asarar ba ta kai masa maganar mutane ciwo ba. A majalisar bakin tasha suka sa masa Alhaji Sola. In ya wuce sai wani ya ce, "Alhaji, mota ta iso?" wani ya amsa, "Tana Kwantagora, taya ta yi faci." Waɗanda suka fi dariya, na san biyu a cikinsu da aka yi wa irin wannan suka yi shiru. Ya daina zama a wurin. Ya daina shiga sahun gaba a masallaci.

Manomin rani abin da ya noma bara yake ci bana, ya kuma shuka da shi. Shekara guda ta faɗi, igiyar ta tsinke. Shinkafar damina ba ta kai su ko'ina ba. Zinariya ta sayar da tumakinta, ta shiga yi wa maƙwabta surfe. Aka cire 'yan mata biyu daga makaranta. Hatsin da suka ci har kaka daga wurin mai awo aka ɗauko shi bashi, shi ma yana da iyali. Rani ya sake zagayowa, Isma'ila ba inji, ba iri, ba wanda zai ba mutumin da aka yi wa dariya jari.

Wata Laraba ya zo ya zauna a bakin ƙofata, bai shigo ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Gwaggo, an taya gona."

"Tayi na, ko ka riga ka sallama?"

Ya murza hularsa.

"Wani mutumin Goronyo na. Nic ce in sayar mai nawa rabon, yac ce sai duka. Rijiyar cikin naki take."

"To mi kaka so in ce?"

"Abin da kinka ce, shi za a yi."

Na dube shi. Da ina da abin da zan saya masa inji da na saya, amma fanshona ko maganina ba ya isa. In na hana, gonar za ta zauna a bushe, yara kuma ba ƙasa za su ci ba. Na ce ya sayar har da nawa, kada kuma ya kawo mini ko sisi.

"Gwaggo, gonar Kaka ta fa."

"Na san ko ta wa ce. Tashi ka tahi, kar mutumin shi canja ra'ayi."

Aka yi cinikin a gaban mai unguwa. Da aka sallami mai awo aka sayi hatsin shekara, abin da ya rage bai isa sayen ko taku ɗaya na ƙasa kusa da ruwa ba. Bana Isma'ila yana Goronyo yana yi wa mutane dashe, ana biyansa da yamma. Ranar Juma'a yakan dawo gida, ya sauka tun kafin gari ya zagayo ta bayan makabarta, don hanyar mota ta bakin fadamar take bi.