Rabin Kofin Babunaj

Duk layin ba wanda bai san Inna Mai Fure ba. Ƙuruciyarta kaf a lambun sayar da furanni ta ƙare, tana shara tana ban ruwa. Da gwiwa ta ce ta gaji, abin da ta fito da shi daga wurin shi ne irin babunaj ƙulle a leda, wani ɗan tsiro mai farin fure da rawaya a tsakiya. Ta shuka shi a tsofaffin bokitan fenti, ta jera a barandar ɗanta makanike, inda take zaune tun rasuwar mijinta. Ba ta tsinka sai raɓa ta bushe, ba ta shanya sai a inuwa. Taɓa mata bokiti ka sha faɗan da ba ka taɓa sha ba.

Mai kumburin ciki, mai rashin barci, duk ƙofarta suke bugawa, kuma ba ta sayarwa. Yabon take so, a faɗi gaskiya. Mutum ɗaya ce ba ta sara mata ba, matar ɗanta.

"Inna, don Allah ban da Tsuntsuwa. Ko kusa da bokitan nan ta je sai atishawa da jan ido."

Tsuntsuwa ita ce jikar, 'yar shekara huɗu, ƙin cin abinci ya ja mata sunan. Inna ta ce to. A zuci kuwa cewa ta yi, "Ji iyayi! Da me na raini mijin naki?"

Wata rana da hantsi yarinyar ta tashi da murɗar ciki. Uwar na shiga wanka, Inna ta jiƙa furen a ruwan zafi, ta tace, ta ɗiga zuma, ta ba ta rabin kofi. Ta wanke kofin ta kife. Uwar ta fito ta lallashi 'yarta da wani sabon biskit. Ko rabi ba ta ci ba leɓenta ya kumbura suntum, ido ya rufe, numfashi na fita da ƙyar.

"Innalillahi! Inna, tare mana tasi!"

A asibiti aka karɓe yarinyar aka shige da ita. Uban ya iso a guje, hannunsa duk baƙin mai. Can likita ta fito.

"Mun yi mata allura, muna jira. Amma me ta ci, me ta sha yau? In ba mu gano ba, za ta sake haɗuwa da shi, kuma ba mu san yadda na gaba zai zo ba."

"Biskit ne," in ji uwar. "Ni na ba ta."

Mijin ya juya kanta. "Ke wace irin uwa ce? Duk abin da kika gani sai ki ɗura wa yarinya?"

Ta fashe da kuka. Inna ta tuna kofin da ta kife. Ba wanda ya gan ta. In ta kama bakinta, biskit ya ɗauki laifi, ta koma gida da mutuncinta. To amma Tsuntsuwa ma can za ta koma, tsakiyar bokitai, ba wanda ya san abokin gabarta. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta rasa miji.

"Likita," ta ce, "ba biskit kaɗai ba ne. Na ba ta babunaj."

"Kamar yaya yawansa?"

"Rabin kofi."

Ɗan ya juyo kan Inna. Uwa ce, ba dama. Ya shafa fuska da hannun mai, ya koma jikin bango. Matar ɗan kuwa ko ɗaga murya ba ta yi ba.

"Inna, na roƙe ki fa."

Wallahi da zagi ta yi da ya fi sauƙi.

Sai bayan la'asar nas ta leƙo ta ce numfashi ya daidaita, mutum biyu su shigo. Inna ta yunƙura da gwiwar tata, amma kafin ta miƙe sun wuce ta, ba wanda ya waiga. Ta koma ta zauna.

Ta bayan ƙofa ta jiyo 'yar muryar, a dishe.

"Ina Kaka?"

Ta gyara mayafi, ta zura takalmi, ta matso bakin benci tana kallon ƙofar. Ba a buɗe ba.