Muryar Azariya a Tsakanin Baitoci

Ranar Laraba, sha huɗu ga Afrilu, 1999, ina kasuwar Kafanchan labari ya iske ni cewa bas ɗin da ta ɗauko ka daga Jos ta kife a wajen Manchok, kai kuma ba ka tashi ba. Azariya, ɗana, tsohuwa da ni na zube a ƙasa cikin mutane, na yi kuka ba kunya. Har yau zuciyata ba ta yarda ba.

Ni ce Afiniki, mai ja wa zumuntar mata waƙa a ikilisiyarmu. Ba ni na haife ka ba, amma Mama kake ce mini tun kana ɗaukar sautin sujada a majami'a da ƙaramin rikoda. Da ka kawo kwamfuta ka buɗe ɗakin ɗaukar waƙa, ɗaki ɗaya tal, kai da mawaƙa duk a ciki, ni ce na fara yi maka tsiya. Na ce wannan akwatin ba zai san daɗin waƙa ba. Dariya ka yi kawai, ka ba ni kujera.

Kowa naka ne. Na ga Jibir, makiyayi daga wajen Madakiya, ya zo da kaset da rikoda ta tauna, mai ɗauke da muryar mahaifinsa. Ka wuni kana miƙe zaren da yatsa har tsohon ya yi magana, ka sallame shi da hannu biyu. Muna cikin zaman makokinka ya zo ta'aziyya.

Kaset ɗinmu na farko shi ne aikinka na ƙarshe. Mun rera waƙoƙin duka, saura ka gyara. A nan na san abin da kake kira filogin, wato ƙananan manhajoji da ake ɗora wa babbar manhajar ɗaukar sauti, kowanne da aikinsa. Wani ya ƙara wa murya faɗi kamar a cikin majami'a. Wani kuma, wanda ka raɗa wa suna mai gadi, ya tare duk wani ƙaramin motsi idan mawaƙa sun yi shiru. Taurin kai gare su, ba kaɗan ba. Yau su hau, gobe su ƙi. Sai ka cire, ka mayar da kowanne mazauninsa, ka kashe kwamfuta ka kunna, kana lallashi kamar mai ba jariri kunu. Ni kuwa ina gefe ina mita, mata sun baro gona, rana tana yi. Sai ka ce, “Mama, haƙuri, zai hau.”

Bayan jana'iza, mata suka dage sai kaset ya fito, kada wahalarka ta tafi a banza. Na je ɗakin tare da matarka Beatrice, ita ta kunna yadda ta saba ganin kana yi. Waƙoƙin suka buɗe, amma mai gadi ya ƙi hawa. Muka ce bari mu saurara haka nan.

Baitin farko ya ƙare, mata suka yi shiru, sai ga ka. Numfashinka muka fara ji, sannan kujerarka ta motsa. Ashe duk lokacin da muke rerawa kana biye da mu can ƙasa-ƙasa, da wannan muryar taka da ba ta taɓa zama kan hanya ba. A wani wurin ka yi tari. A wani ka ce, “Yauwa, iyayena.” Makirufo ya kwashe duka, mai gadi ne ke rufewa. Beatrice ta kama bakin tebur.

Abokin aikinka Leonard ya zo daga Jos don ya ƙarasa. Ya sha fama, ya cire, ya mayar, har abin ya hau. Waƙa ta fito fes, yadda kake so ta fito. Amma tsakanin baitoci babu kowa. Wallahi ji na yi kamar an sake binne ka a gabana.

Leonard ya ce haka ake fitar da kaset, kai ma da haka za ka yi. Gaskiya ya faɗa, na san ka da tsabtar aiki. Beatrice ta ce, “Cire mai gadin. Yaran nan ba su da wani wurin da za su ji babansu.”

Ka gafarce mu, ɗana, mun ɓata maka aiki. Haka kaset ya fita, da tarinka, da kujerarka, da komai.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya karɓe ka cikin hutunsa. Ya ta'azantar da Beatrice, da mahaifiyarka a Gwantu, da dukan dangi da ikilisiya. Ya raya 'ya'yanka Tamar da Meshak, waɗanda yanzu idan an saka kaset ba waƙar suke saurare ba, jira suke mu yi shiru. Amin.