Muryar Malam a Waya

Sana'ar buga littafi gadonta na yi daga kawuna, ƙanen mahaifiyata. Ba wata maɗaba'a gare mu a Wurno ba, ɗaki ne guda a gefen zaure. Kawu yakan karɓi rubuce-rubucen malaman garinmu ya kai Sakkwato a buga, mu raba a kasuwannin Goronyo da Rabah da Achida. Da ya rasu, ɗakin ya dawo hannuna, ina haɗawa da koyarwa a firamare.

Littafin da na fi ji da shi na wani dattijo ne, aminin kawu, wanda duk unguwa ke kira Malam. Waƙoƙi ne da ya tsara tun yana saurayi, na wa'azi da na damina, da wata doguwa a kan shekarar da gulbin Rima ya cinye gonakin fadama. Idanunsa sun yi rauni, don haka shi ke faɗa ni ke rubutawa, har rani ya ƙare a kanmu. Aka buga shi da koren bango. Ranar da littafin ya iso, Malam ya daɗe yana shafa shi da tafin hannu.

Ran kasuwar Goronyo na ɗaure katon guda na littafin a bayan babur, na nufi rumfar Alhajin da ke sarin littattafanmu tun zamanin kawu. Da ƙyar na gane wurin. Caja da iyafis ne rataye ko'ina, ga kwamfuta a kan tebur, manoma sun yi layi ana zuba musu wa'azi a memori. Littattafan suna can baya cikin buhu.

"Sannu da zuwa, Malam ƙarami. Mi ka kawo muna?"

"Sabon littahi na, Alhaji."

Ya karɓa, ya buɗe, ya karanta baiti biyu yana gyaɗa kai. Sai ya miƙo mini abina.

"Ya yi kyau ƙwarai. Amma dibi buhun can, tun bara yana nan. Yanzu mutum shi zo da waya, in zuba mashi, shi tahi gona yana saurare. In na amsa, rana ta za ta cinye maka shi."

Na mayar da katon bayan babur. Maimakon in kama hanyar gida sai na tsinci kaina a bakin madatsar ruwa, ina kallon masunta suna jan koma. Ban jima ba na tashi, zaman ma ya gagare ni.

Haka na yi ta fama makonni. Ina cikin rubutu a allo sai in manta inda na nufa. In na dawo gida in shiga ɗakin littattafai, in ɗauke katon-katon daga wannan bango zuwa wancan wai don gudun gara, gobe in mayar da su inda suke. In Malam ya tambaye ni labarin kasuwa, in ce ana nan ana ƙoƙari. Matata ta gaji da ganina ina shiga ina fita, ta ce in je Rabah in gaida ƙanwata ko na sha iska.

Ƙanwata tana aure a can, tana sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin ɗakinta. Muna gaisawa wayarta na ƙara, tana amsawa, yara na fita da ƙunshi. Na ba ta labari. Ta ce in kawo littafin, ta ɗora shi a kan sabuwar atamfa, ta ɗauki hoto, ta tura guruf ɗin matan da ke sayen kayanta. Kafin mu gama cin tuwo har an fara tambaya: mi ke ciki?

"To Yaya, karanta musu su ji," in ji ta, ta kara mini wayar a baki.

Na karanta baiti. Da ta sake kunnawa muka saurara, sai ta faɗi kan katifa tana dariya.

"Yaya, kamar kana kiran sunayen 'yan aji! Wanga aiki ba naka ba na. Muryar Malam za ka ɗauko."

Washegari na je wurin Malam da hantsi, na gaya masa shawarar ƙanwata. Ya saurare ni har na gama, yana jan tasbaha.

"A waya? Inda anka zuba kiɗi da shirme?"

"Har da karatu ana zubawa, Baba."

"Na ji. To in wani ya yanke waƙar tsakiya, ya bar rabin magana tana yawo, wa za shi gyara? Takarda in ta yage ana gani. Wagga hwa?"

Na yi sallama na fita, na yi ta zagaya gari a kan babur ba inda za ni. Na koma bayan kwana biyu, ya ce a'a. Na sake komawa. A karo na ƙarshe matarsa, Inna, ta yi magana daga bayan labule. Ta ce ɗansu da ke fataucin albasa a kudu, 'ya'yansa ba su taɓa jin kakansu yana rera waƙa ba, kuma ba ta san ko za su ji ba. Sai Malam ya ce ya yarda, da sharaɗin kowace waƙa ta fita cikakkiya, daga bisimilla har addu'ar rufewa.

Ɗaukar ta ba mu wahala. Da Malam ya ɗauko murya sai injin niƙan maƙwabta ya tashi. In injin ya mutu, zakara ya karɓa, ko tari ya sarƙe shi mu koma farko. Wayata ta cika, na goge hotunan sunan ɗana. Tura waƙa kuma sai na fita bayan makaranta, na hau wani tudu, na ɗaga hannu sama ina jiran sabis. Ƙanwata ta bugo ta ce doguwar waƙar ta yi nauyi, ba mai datar sauke ta, in gutsura. Na ce na yi alkawari. Muka yi ta ja, daga baya muka fara da gajerun, kowace da hoton koren bango da lambar wayata.

Shiru na ɗan lokaci, har na fara cewa wahalar banza na sha. Sai kira ya fara shigowa. Wani direban motar albasa ya ce daga Lakwaja yake bugowa, waƙar damina ta sa shi kewar gida. Wata malamar islamiyya ta ce tana son littafin don ɗalibanta su riƙa bi da ido. Na koyi kai saƙo tasha, in ba direba, in tura wa mai shi lambar mota. Katon-katon suka fara raguwa, ko da yake ba su ƙare ba. Ni kuma na zama mai duba waya ko ina tsakiyar cin abinci.

Wata rana ina cikin motar haya zuwa Sakkwato, direba ya kunna rediyonsa da memori. Sai ga muryar Malam. An sa mata kiɗa a ƙasa, kuma tana kai tsakiya aka datse ta, wata waƙa ta shigo. Na tambayi direban ko ya san mai waƙar. Ya ce wani malami ne daga can Nijar, ya daɗe da rasuwa. Na ce yana nan da ransa a Wurno, jiya ma mun sha fura tare. Fasinjoji suka yi dariya, ba wanda ya yarda.

Na yi ta juya maganar a raina, in faɗa wa Malam ko in bari. Da na dawo na faɗa masa, har da kiɗan. Fuskarsa ta canza. Ya tambaye ni a wane baiti aka tsaya, na gaya masa. Sai ya ɗauko daga nan, ya rera sauran a hankali har ƙarshe, ni kaɗai ke saurare.

"Ɗauko wayarka," in ji shi. "Mu sake. Wanga karon zan hwaɗi sunana da garina a farko, in sake hwaɗi tsakiya. Wanda za shi yanke, shi sha aiki."

Muka sake ɗauka ranar, har doguwar waƙar gulbi. Tana cikin wayata har yanzu, na gwada tura ta daga tudun bayan makaranta ta ƙi tafiya. An ce mini akwai mai iya rage mata nauyi ba tare da an taɓa ko baiti ɗaya ba, a wani shago kusa da tashar Sakkwato. Ranar Asabar zan je in nemi shagon.